Ɓarayin Kasuwar Cikin Waya: Mabuɗin Yana Hannun Wa?

IKKO. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Computer Village da ke Ikeja ya san yadda cinikin waya yake ƙarewa. Bayan an taya, an sallama, an ƙirga kuɗi, sai mai saye ya miƙa wayar ga wani yaro da ke gefen shago ya ce a buɗe masa ita, a sa masa WhatsApp da Facebook da manhajar karatun Alƙur'ani. Yaron ya danna nan ya danna can, ya ƙirƙiro suna, ya ƙirƙiro kalmar sirri, cikin minti goma ya miƙo waya tana aiki. Mai waya ya ba shi na goro, ya jefa ta aljihu, ya shiga mota zuwa Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 yana murna. Abin da bai tambaya ba, ba a kuwa gaya masa ba, shi ne sunan da aka buɗe da kalmar sirrin da aka sa.

Wannan suna da wannan kalma su ne ake kira asusu, kuma su ne mabuɗin wayar baki ɗaya. Mutumin da ya bar su a hannun wani daidai yake da wanda ya kama shago a Alaba Rago, ya kira kafinta ya sa masa kwaɗo, sa'an nan ya bar wa kafintan mabuɗi ya tafi. Mai yiwuwa ne kafintan mutumin kirki ne. Amma shago ya riga ya zama na mutum biyu, kuma ran da kaya suka ɓace babu wanda zai iya rantsuwa a kan wanda ya ɗauka.

Shekara da shekaru ke nan ana satar irin waɗannan asusun a ƙasashen duniya, ana sauke manhajoji da su ba da iznin masu su ba, ana kuma cire musu kuɗi. Yadda aka yi a can ya isa ya zama darasi ga ɗan Arewa da ke neman abinci a Kudu, wanda wayarsa ita ce littafin bashinsa, ita ce bankinsa, ita ce kuma hanyarsa ta jin lafiyar iyali a gida.

ABIN DA KE CIKIN ASUSUN

Manyan kasuwannin manhaja guda biyu ne. Kamfanin Apple na Amurka ya buɗe tasa, watau App Store, ran 10 ga watan Yuli na 2008 da manhajoji 500. Kamfanin Google ya buɗe tasa a watan Oktoba na wannan shekarar da sunan Android Market, kafin ya sake mata suna zuwa Google Play a watan Maris na 2012. Akasarin wayoyin da ke hannun jama'a a Nijeriya, irin su Tecno da Infinix da Itel da Samsung, da kasuwar Google suke aiki. Masu riƙe da iPhone kuwa ta Apple suke shiga.

Ba a shiga ko wacce daga cikinsu sai da asusu. To, amma asusun bai tsaya ga sauke manhaja kaɗai ba. A cikinsa ake ajiye lambobin mutane, da hotuna, da wasiƙun imel, da lambar katin banki in an taɓa sa ta. Da shi ake gano inda waya take in ta ɓace, da shi kuma ake kulle ta ko a goge duk abin da ke cikinta daga nesa. Har ila yau, wanda ya shiga asusun Google na wani ta kwamfuta yana iya zaɓar manhaja a kasuwar ya tura ta cikin wayar mai asusun, alhali wayar tana aljihun mai ita. A wajen Apple kuwa akwai tsarin da in an kunna shi, duk manhajar da aka sauke a waya ɗaya sai ta bayyana a sauran wayoyin da ke kan asusu guda.

Wannan ne ya sa mutum kan wayi gari ya tarar da wasa ko wata manhaja da bai san da ita ba a wayarsa. Wasu kan ce waya ce ta lalace, wasu su ce yara ne suka taɓa. Sau da yawa kuwa alama ce ta cewa akwai wani hannu a cikin asusun.

LITTATTAFAN DA BABU MAI KARANTAWA

Lamari na farko da ya buɗe wa duniya ido ya auku ne a farkon watan Yuli na 2010. Masu sayar da manhajojin littattafai a kasuwar Apple ta Amurka sun ga kayansu na ta gangarowa daga jerin waɗanda aka fi saye, ba tare da wani dalili ba. Da suka duba sai suka tarar fiye da 40 daga cikin 50 na saman jerin duk na mutum ɗaya ne, wani mai ƙera manhaja ɗan ƙasar Biyetnam. Littattafan zane ne na barkwanci cikin harshen Biyetnam, waɗanda ba yadda za a yi Amurkawa su yi rububinsu haka.

A daidai wannan lokaci kuma mutane suka fara kuka cewa an cire musu kuɗi, wasu har ɗaruruwan daloli, a kan littattafan da ba su taɓa jin sunansu ba. Ashe an shiga asusunsu ne ana sayen kayan mutumin da katunansu. Riba biyu ke nan: kashi 70 cikin 100 na kowane ciniki yana zuwa ga mai manhaja bisa ga ƙa'idar kasuwar a wancan lokaci, sa'an nan yawan cinikin yana ɗaga kayansa zuwa saman jeri inda sauran masu saye za su gani su ɗauka abin kirki ne.

Kamfanin Apple ya kori mutumin daga kasuwar, ya cire manhajojinsa. Ya ce asusu kamar 400 ne abin ya shafa daga cikin miliyan 150 da ake da su a lokacin, ya kuma ce ba a fasa rumbun ajiyarsa ba. Ma'anar wannan magana ita ce ɓarawon bai haura katanga ba, da mabuɗan mutane ya shigo. Kamfanin ya shawarci waɗanda abin ya shafa su tuntuɓi bankunansu a soke katin, su kuma sake kalmar sirri.

Bayan wata shida, a watan Janairu na 2011, jaridar Global Times ta ƙasar Sin ta ba da labarin cewa ana tallar asusun Apple na sata kimanin 50,000 a kasuwar intanet ta Taobao, daga yuwan 1 zuwa yuwan 200 kowane ɗaya. Masu tallar suna gaya wa mai saye ya hanzarta ya kwashi abin da zai kwasa cikin 'yan sa'o'i, kafin mai asusun ya farga a rufe. Watau dai satar ta zama sana'a mai dillalai da farashi, kamar kowace haja.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

A ƙarshen watan Agusta na 2015 kamfanin tsaron kwamfuta na Palo Alto Networks, tare da wata ƙungiyar masu sha'awar fasaha ta ƙasar Sin mai suna WeipTech, suka tona wata muguwar manhaja da suka raɗa wa suna KeyRaider. Ta sace asusun Apple fiye da 225,000 a ƙasashe 18, mafi yawansu a ƙasar Sin.

Abin lura a nan shi ne wayoyin da ta kama. A wancan lokaci kamfanin Apple yana sa wa kowace iPhone takunkumin da ke hana ta karɓar manhaja daga ko'ina sai kasuwarsa. Akwai masu ɓalle wannan takunkumi domin su riƙa sauke abin da suka ga dama daga wasu wurare. Irin waɗannan wayoyi ne kaɗai KeyRaider ta iya shiga. Da ta shiga sai ta laɓe, duk sa'ad da mai waya ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa ta kwafe ta aika wa iyayen gidanta.

Daga nan aka haɗa wasu manhajoji biyu da ake tallatawa cewa suna ba mutum damar sauke kayan kuɗi kyauta. Mutane kimanin 20,000 suka sauke su. Kyautar kuwa ba daga sama take faɗowa ba: duk abin da suka ɗauka, daga asusun ɗaya daga cikin waɗancan mutane 225,000 ake biya. Wasu daga cikin waɗanda aka cuta har kulle musu waya aka yi, aka ce sai sun biya fansa. Masu neman na banza a gefe guda sun zama abincin masu neman na banza a ɗaya gefen.

Kulle waya a nemi fansa ma ba a nan aka fara ba. A watan Mayu na 2014 mutane da dama a ƙasar Ostireliya sun farka suka tarar an kulle musu iPhone daga nesa, da saƙo a fuskar wayar ana neman dala 100. A watan Yuni na wannan shekarar hukumomin Rasha suka ba da sanarwar kama mutum biyu a birnin Mosko masu irin wannan sana'a. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce su ba mutum aron asusu mai cike da waƙoƙi da fina-finai. Da zarar ya sa shi a wayarsa, wayar ta koma ƙarƙashin ikonsu, sai su kulle ta.

KO BABU KATI A CIKI

Wani zai ce shi wannan bai shafe shi ba, tun da bai taɓa sa katin banki a wayarsa ba. Abin da ya faru a 2016 ya nuna ba haka ba ne. Ran 30 ga watan Nuwamba na wannan shekarar kamfanin Check Point ya bayyana wata manhajar ɓarna mai suna Gooligan, wadda ta shiga asusun Google fiye da miliyan 1, tana kuma kama wayoyi 13,000 a kowace rana. Bisa ga lissafin kamfanin, kashi 57 cikin 100 na wayoyin suna nahiyar Asiya, kashi 15 kuwa a Afirka.

An ɓoye ta ne a cikin manhajoji 86 da ake samu a wajen kasuwar Google, kuma wayoyi masu tsohon tsarin Android na 4 da na 5 take kamawa. Ita ba ta damu da kalmar sirri ba. Akwai wata shaida da Google kan ajiye a cikin waya bayan mutum ya shiga asusunsa, domin kada a riƙa tambayarsa kalmar sirri kowane lokaci. Wannan shaida take ɗaukewa, ta riƙa aiki da sunan mai wayar.

Aikin kuwa shi ne sauke manhajoji daga kasuwar Google, aƙalla 30,000 a kowace rana a wayoyin da ta kama, sa'an nan ta ba su tauraro ta rubuta musu yabo kamar mai wayar ne ya rubuta. Kamfanonin talla suna biyan lada a kan kowace manhaja da aka sauke, ladan nan shi ne abincin ɓarayin. Kamfanin Google ya ce bai ga alamar an taɓa wasiƙu ko hotunan mutane ba. Duk da haka mai wayar ya yi asara: datarsa ta ƙone, batirinsa ya zuƙe, wayarsa ta cika da tarkace, an kuma yi amfani da sunansa an yaudari wasu.

TA INA MABUƊI KE FITA

In aka duba waɗannan al'amura za a ga hanyoyin kaɗan ne, kuma su ake ta maimaitawa.

Ta farko ita ce saƙon yaudara. Mutum ya sami imel ko saƙon waya mai kama da na kamfani, ana ce masa za a rufe asusunsa, ko an sayi wani abu da sunansa, ya danna nan ya gyara. In ya danna sai ya faɗa shafin bogi, ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa. A watan Oktoba na 2018 kamfanin biyan kuɗi na Alipay a ƙasar Sin ya gargaɗi jama'a cewa ana kwashe kuɗin mutane ta hanyar asusun Apple da aka sace, wasu har yuwan 2,000. Kamfanin Apple ya ba da haƙuri, ya ce ta saƙon yaudara aka sami asusun, kuma waɗanda abin ya shafa ba su kunna tsarin tabbatarwa mai mataki biyu ba.

Ta biyu ita ce amfani da kalmar sirri guda a ko'ina. In aka fasa wani ƙaramin shafi aka kwashi sunaye da kalmomin sirri, ɓarayi sukan gwada su a manyan wurare. Wanda ya sa lambar wayarsa ko shekarar haihuwarsa a matsayin kalmar sirri kuwa ya sauƙaƙa musu aiki.

Ta uku ita ce manhajar da ba daga kasuwa ta fito ba. A nan ne abin ya fi kusa da gida, domin al'adar tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender, ko karɓa a wajen masu tura fina-finai da waƙoƙi, ta zama ruwan dare a tashoshi da kasuwanni. Haka kuma kwaikwayon WhatsApp da ake yayi saboda yana ɓoye alamar an karanta saƙo. A watan Agusta na 2021 kamfanin Kaspersky ya gano manhajar ɓarna mai suna Triada a cikin wani samfurin FMWhatsApp, a watan Oktoba na 2022 kuma ya sake gano ta a cikin YoWhatsApp. Aikinta shi ne sauko da wasu manhajoji a ɓoye da kuma sa mutum rajistar abubuwan biya ba da saninsa ba.

Wani lokaci ma laifin ba na mai waya ba ne ko kaɗan. A watan Agusta na 2020 sashen bincike na Secure-D ya ba da rahoton samun wannan Triada a cikin wayoyin Tecno W2 guda 53,000 da aka sayar a ƙasashen Habasha da Gana da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu, tun daga cikin kwali. Kamfanin Transsion mai ƙera wayar ya ce daga wajen wani mai kawo masa kayan aiki matsalar ta fito, kuma ya riga ya fitar da gyara.

Ta huɗu ita ce wadda aka fara wannan bayani da ita, watau asusun da wani ya buɗe. Akwai masu shagon da, don gudun ɓata lokaci, sukan sa asusu guda a wayoyin masu saye da yawa. Sai mutum ya ga lambobin baƙi sun cakuɗe da nasa, ko hotunan wani gida sun bayyana a wayarsa. In nasu sun zo masa, to nasa ma sun je musu.

INDA ABIN YA SHAFI ƊAN CI-RANI

A da, wahalar biyan kuɗin waje ta zama wa mutane da yawa garkuwa ba da saninsu ba. A 2022 bankunan Nijeriya da dama sun rage abin da katin naira zai iya saye a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya. Amma a watan Yuli na 2023 Google ya fara karɓar katin Verve a kasuwarsa da naira, a watan Yuli na 2025 kuma wasu manyan bankuna suka sake buɗe katunan naira ga cinikin waje. Sauƙi ne ga mai saye, sauƙi ne kuma ga wanda ya riƙe masa mabuɗi.

Sa'an nan asarar ba ta tsaya ga kuɗin kati ba. A ɗauki misalin mai sayar da albasa a Mile 12, ko dillalin shanu a Oko-Oba, ko mai canji a Sabo ta Badun. Lambobin masu aiko masa kaya daga Arewa, da na direbobi, da na masu bin sa bashi da waɗanda yake bi, duk suna cikin asusun nan. Ran da wayar ta faɗi a mota ko aka fizge ta, in ya san sunan asusunsa da kalmar sirri, zai sayi wata ya shiga, komai ya dawo masa. In bai sani ba, guminsa na shekaru ya tafi tare da wayar. Mafi muni, wanda ya shiga asusun yana iya bin lambobin nan ɗaya bayan ɗaya yana neman kuɗi da sunansa, a ce ya yi haɗari ko an tsare shi, mutanen gida kuwa da ke nesa ba su da hanyar tabbatarwa nan take.

Wayar gwanjo ma tana da nata tarkon. Tun 2013 iPhone take da kullen da ke ɗaure ta ga asusun mai ita, wayoyin Android kuma suka sami irinsa a 2015. Wanda ya sayi waya alhali asusun tsohon mai ita yana ciki, ko dai wata rana a kulle masa ita daga nesa, ko kuma ran da ya goge ta ta ƙi buɗewa sai da kalmar sirrin wancan mutumin.

Haka nan layin waya. Lambobin tabbatarwa ta layi suke zuwa. Mutumin da ya tafi gida noma ya jefar da layinsa na Kudu wata da watanni, kamfani yana iya sayar wa wani da lambar, saƙonnin asusunsa su riƙa zuwa wa baƙo.

BA KULLUM ƁARAWO BA NE

Gaskiya ɗaya ce, ba duk kuɗin da ya fita ba ne aikin ɗan kutse. Wani lokaci ɓarnar daga cikin ɗaki take. Wasanni da yawa kyauta ake sauke su, amma a ciki ana sayar da zinariyar wasa da makamai da kuɗin gaske, yaro kuwa bai san bambanci ba. A watan Janairu na 2014 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, saboda in uba ya sa kalmar sirri sau ɗaya ƙofa takan zauna a buɗe har minti 15. Hukumar ta ambaci wata uwa da 'yarta ta kashe dala 2,600 a wasa guda. A watan Satumba na wannan shekarar Google ma ya amince zai mayar da aƙalla dala miliyan 19.

Akwai kuma manhajojin da ke cewa a gwada kyauta na kwana uku ko bakwai. In wa'adin ya cika mutum bai soke ba, sai su fara cira duk mako ko duk wata. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar, sai an shiga asusun an soke rajistar. Saboda haka kafin a zargi yaron shago ko maƙwabci, ya kamata a fara duba tarihin ciniki da ke cikin asusun, domin a can aka rubuta abin da aka saya da ranar da aka saya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Alamomin da za su sa mutum ya tsargu sanannu ne: manhajar da bai sauke ba, alat na cirar kuɗin da bai sani ba, data ko katin waya da ke ƙarewa da wuri, saƙon cewa an shiga asusunsa daga wata waya, ko lambar tabbatarwa da ta zo alhali bai nema ba.

Wanda ya ga haka, abu na farko shi ne ya toshe katinsa. Bankuna suna da gajeriyar lambar da ake dannawa a toshe, ko da daga wayar wani ne, kuma ya kamata kowa ya san ta bankinsa tun kafin ranar buƙata. Na biyu ya sake kalmar sirri, in da hali daga wata waya mai lafiya. Na uku ya duba jerin wayoyin da ke kan asusun, ya fitar da duk wadda bai sani ba, ya kuma tabbata lambar waya da imel ɗin da aka sa na dawo da asusu nasa ne. Na huɗu ya kai ƙara ga kasuwar da kanta. Google ya ba da kwana 120 daga ranar cirar domin kai ƙarar cinikin kati da ba a ba da izni ba, Apple ma yana da shafin neman a mayar da kuɗi. In banki ya ƙi sauraron mutum, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin Nijeriya. Shiga asusun wani ba da izni ba kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma ana iya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.

Rigakafin ya fi wannan sauƙi. Tsarin tabbatarwa mai mataki biyu, wanda Google ya fito da shi a 2011, Apple kuma a 2013, yana sa ko ɓarawo ya sami kalmar sirri ba zai shiga ba sai da lambar da za ta zo wayar mai asusu. Wannan lamba ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfani ko banki yake kira. A sa wayar ta riƙa tambayar kalmar sirri ko zanen yatsa a kowane ciniki. A riƙa sauke manhaja daga kasuwa kaɗai, a kuma karɓi gyaran da kamfani ke aikowa. Kada a sa asusun wani a waya don kwaɗayin kayan kyauta. Mai sayen wayar gwanjo ya sa a fitar da tsohon asusu a goge wayar a gabansa kafin ya biya.

Rashin karatun boko ba abin kunya ba ne, ba kuma dalili ba ne na sallama mabuɗi. Wanda ba zai iya buɗe asusu da kansa ba ya tafi da ɗansa ko ƙaninsa ko wani amintacce. A buɗe da lambar wayarsa shi kansa, a rubuta masa suna da kalmar sirri a takarda, in ya koma masauki a sake kalmar, ya adana takardar inda yake adana takardun shago. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na zango-zango za su yi taimako babba in suka sa matasan da suka san abin su riƙa zama da dattawa suna duba musu wayoyinsu, a gaban idonsu.

Wanda kuwa ya riga ya baro wayarsa da asusun da bai san sunansa ba, bai makara ba muddin wayar tana hannunsa. Sunan yana nan a rubuce a cikin saitin wayar, ana kuma iya kwashe lambobi da hotuna a mayar da su sabon asusu nasa na kansa. Aikin bai fi na yini guda ba. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.